Uwargida ta ce ita da kwanan lambu har abada

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye a ƙasar Rano, ina kuma taɓa noma. Ina da lambun mangwaro da gwaba da na gada, tafiyar minti 15 ce a ƙafa daga gida, daga cikinsa ana hango ruwan Tiga. Ƙanena da ke aiki a Abuja zai zo hutun ƙarshen shekara da iyalinsa. Yaransa sun ga wani abu a waya wai shi gilamfin, sun kafe sai an yi musu. Bara na gwada. Na yi hayar rumfar biki, na kewaye ta da tamfol, muka shimfiɗa tabarmi. Kafin ƙarfe 2 na dare iska ta ɗaye gefe guda, yara suna ta tari, tururuwa ta cika kwanon abinci, ga shi babu inda mata za su kewaya. Da tocila muka dawo gida. Maiɗakina ta ce ita da kwanan lambu har abada. Inna kuma ta ce wa ya aike ni kwana a gindin tsamiya da yara. Mu 10 ne, manya 4, yara 6. Ba na son in kunyata ƙanena, ba na kuma son in ɓata wa maiɗaki rai. Yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba: maiɗakinka ta fi ka gaskiya. Abin da ka yi bara kwanan gona ne irin na masu gadin amfani, sai dai ka haɗa da mata da yara. Abin da yaran ƙanenka suka gani kuwa, Turawa ne suka ƙirƙiro masa suna daga kalmarsu ta ƙawa da ta kwanan tanti, ma'anarsa mutum ya kwana a fili cikin itatuwa amma da gado, da banɗaki, da haske, da abinci mai zafi. A gandun namun daji na Kenya da Tanzaniya an daɗe ana saukar da baƙi haka. Tantin da ake ɗauka a hoto shi ne ƙaramin abu a ciki. Babban abin shi ne wanda ba a nunawa, kuma duk abin da ya sa maiɗakinka ta ƙi yana cikinsa. Don haka kada ka lallashe ta da baki. Gyara ƙorafinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kai ta ta duba da idonta da rana.

Tsaro tukuna, don in shi bai zauna ba sauran maganar ɓata baki ce. Lambunka na kusa da gari ya fi kowane daji da za a yi maka kwaɗayinsa. Dajin Falgore yana da kyau, amma an sha jin labarin ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane a cikinsa, ba wurin da magidanci zai kai iyali su kwana da kansu ba ne. Ka je wa mai unguwa, shi ya sanar da dagaci, ka kuma nemi 'yan sintiri 2 su kwana a bakin lambun ka sallame su. Ka yi magana da Arɗon rugar da ke kusa, domin bayan girbi shanu suna bin gonaki kiwon kara, wani lokaci da dare. In sun san da ku za su kauce, ka kuma samu mai kawo nono da safe. Kada a kafa komai a kan burtali ko hanyar mashaya. Motar ƙanenka ta kwana da mai a ciki, gabanta na kallon hanyar fita. Hotuna kuwa, a ja wa yara kunne: ba a ɗora komai a Facebook ko TikTok sai an koma gida. Ka kuma duba kalandar Hijira ka zaɓi darare tsakanin 12 da 15 ga wata. Farin wata yana rage tsoro fiye da ƙwan lantarki goma.

Lokacin da kuka zaɓa shi ne daidai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu ruwan sama, sauro ya ragu, ƙasa ta bushe. A bazara zafin Kano yana haura maki 40 a ma'aunin salshiyos, tanti ya zama tanda. Da damina kuwa ba ma a fara. Masu karatu na Jigawa da ke kusa da fadamun Haɗeja da Baturiya su ma wannan ne lokacinsu, shi ne kuma sa'ad da tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suke sauka a can. Matsalar wannan lokaci ita ce sanyin hunturu: da asuba ma'auni kan sauka zuwa maki 12 ko 13, kusa da ruwa kuma jiki yana jin ya fi haka.

Yanzu ga dalilin da rumfarka ta tashi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa. Tamfol ba ya barin iska ta wuce, sai ya kumbura ya ja ƙarfen rumfar, ita kuwa rumfar biki ajiye ta kawai ake yi a ƙasa ba a kafe ta. In da hali, ku haɗa kuɗi kai da ƙanenka ku samo tanti na yadin auduga mai kauri, mai siffar bukka da ginshiƙi ɗaya a tsakiya. Mai faɗin mita 5 tsayin ginshiƙinsa kusan mita 3 ne, babba yana miƙewa tsaye a ciki, yana kuma ɗaukar mutum 4 zuwa 5 a kan katifu. Guda 2 kuke bukata. Ƙananan tantuna na nailan masu kama da kifaffen kwando ba su dace da uwa mai goyo ba, da rarrafe ake shigarsu. In kuma babu halin saye, ita dai rumfar bikin za ta yi, amma a sauya mata shiri. Bango ya zama na zana, ninki 2 a ɓangaren arewa da gabas, domin zana tana karya ƙarfin iska ta bar kaɗan ta wuce. Daga ciki a rataya tsofaffin labulaye ko zannuwan gado su tare ƙura. A sama a sa tamfol, amma a ɗaura yadi a ƙarƙashinsa. Numfashin mutum 5 a dare guda yana tara laima, tana taruwa a jikin tamfol mai sanyi, da asuba ta riƙa ɗiga a kan bargo. Yadin ne zai shanye ta. Ƙofa ta kalli kudu maso yamma.

Turaku su ne ran abin. Waɗanda ke zuwa da tanti sirara ne, a ƙasa mai tauri lanƙwashewa suke, a rairayi zamewa suke. Ka sa mai walda ya yanka maka rodi mai kaurin milimita 12, tsawon santimita 40, ya lanƙwasa kan kowane. A buga shi a karkace, kansa yana jingina nesa da tanti, igiya ta ja shi ta gefe. Turken da aka buga a miƙe ko yana kallon tanti zarewa yake da bugun iska ɗaya. Kowace ƙafar rumfa igiya 2. Inda yashi ya yi yawa, a ɗaure igiyar a guntun icce a binne shi kwance, zurfin kamu 2. A ja igiyoyi bayan la'asar, a sake bi bayan isha'i. A ɗaura fararen tsummoki a jikinsu, in ba haka ba yaro zai yi tuntuɓe kafin a gama cin abincin dare.

Maganar Inna kada ka yi musu da ita. Ka ce mata an bar gindin tsamiya, ka kuwa bar shi. Tsohuwar bishiya tana da kogo, kogo kuwa gidan zuma ne da maciji, ga busassun rassa da iska ke karyowa. Giginya tana jefo 'ya'ya masu nauyi, gindin gawo ƙaya ce da kashin dabbobi. Ku kafa a fili, ta yadda inuwar mangwaro za ta faɗo kan tanti da rana ba tare da reshe yana saman kanku ba. Idan kun sauka ku karanta addu'ar da ta zo a hadisi ga wanda ya sauka a masauki, A'uzu bikalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ, ka kuma gaya wa Inna kun yi. Ka aika a ɗauko ta ta wuni tare da ku, a mayar da ita kafin magariba. In ta ga wurin a share, rabin faɗan ya ƙare.

Sharar nan ba ta tsintsiya kaɗai ba ce. Kwana 2 kafin ranar a bi wurin da fartanya, a cire ciyawa da ƙarangiya da tsidau har mita 5 kewaye da inda za a kwana, a kwashe tarin kara da duwatsu da ruɓaɓɓen icce. Inda aka tara kara akwai ɓera, inda ɓera yake akwai maciji. A duba ramukan tururuwa da shuri, in akwai a matsa gaba. A yayyafa ruwa a daɓe ƙasar.

Sanyin da yara suka sha bara, har daga ƙasa ya fito. Mutane suna lafta bargo a sama su manta ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki, tabarma kuwa ba ta tare komai. A fara shimfiɗa leda mai kauri ko tamfol, a bi da tabarma, sannan darduma. Gado ya ɗaga daga ƙasa ko da kamu ɗaya ne. Ba sai ka kwaso gadajen gida ba: yanzu kara ya wadata, tsofaffin garinku sun iya ɗaure gadon kara, yana da ɗumi kuma kunama ba ta hawa da sauƙi. A ɗora katifar soso mai kaurin inci 4 zuwa 6, bargo ɗaya a ƙarƙashin mai kwanciya, ɗaya ko 2 a sama. Katifar hurawa tana da kyau a hoto, amma iskar cikinta sanyi take ɗauka, ƙaya ɗaya kuma ta gama da ita. Kowane yaro da hular sanyi da safa da rigar sanyi ta kwana daban da wadda ya wuni da ita. A shafa musu man kaɗanya ko basilin a leɓe da ƙafa. Gidan sauro mai magani ga kowane gado, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Kusa da dam da gonakin rani sauro ba ya ƙarewa don an shiga hunturu. Yadda za a raba kwana, mata da ƙananan yara ɗaki guda, maza da manyan yara ɗaki guda ya fi sauƙi, amma ka bar matan su yanke.

Abu ɗaya ba mu yarda a sassauta ba: kaskon wuta, kurfoti, risho, tukunyar gas ko janareta ba sa shiga wurin kwana, komai sanyi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da ya daina hayaƙi. Mai barci ba ya farkawa ya ji ta. In wani ya tashi da ciwon kai da jiri da amai, a fitar da kowa fili nan take a nufi asibiti. Mai son ɗumi a zuba masa ruwan ɗumi a gorar roba, a rufe sosai, a naɗe da zani a sa masa a ƙafa. Ita ma zana da kara abincin wuta ne, saboda haka murhu ya kasance aƙalla mita 5 daga ɗakuna, ta kudu maso yamma, inda iska za ta kwashe tartsatsi ta yi nesa da ku. Bokitin ruwa da na yashi su tsaya kusa da shi. A kashe wuta da ruwa kafin a kwanta.

Banɗaki ne zai sa maiɗakinka ta ce e ko a'a, don haka ka kashe masa lokaci fiye da tanti. Guda 2, na mata daban. Rami mai zurfin kusan mita 1, faɗin kamu 2, a gitta katako masu ƙwari a bar tsaga, a yi masa murfi. A kewaye da zana da ta fi tsayin mutum, ƙofar ta zama mai lanƙwasa yadda na waje ba zai hango ciki ba. Ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiyar lambu ko bakin ruwa, kimanin taku 25 daga ɗakuna, ta inda iska ba za ta dawo da wari ba. Mai tsugunne ya fuskanci kudu ko arewa don kada ya ba alƙibla gaba ko baya. A ajiye bokitin toka, duk wanda ya gama ya watsa gwangwani ɗaya. Ita ce ke kashe wari da ƙuda. Wurin wanka a gefe, a zuba tsakuwa a ɗora katako don kada a tsaya cikin taɓo, a ja ɗan lambatu. Buta, sabulu, ƙusa ta rataya zani, da fitilar da za ta kwana a kunne a hanya. Ƙananan yara a sa musu fo a bakin ɗaki, ba a tura yaro banɗaki shi kaɗai da dare.

Ruwa a lissafa lita 20 ga kowane mutum a rana, sha da girki da alwala da wanka. Ku 10, kwana 2, lita 400 ke nan, jarka 16 masu lita 25. Amalanke ya kai su tun jajibiri. Na sha ya fito daga famfon burtsatse, a ware masa jarkoki 3 da alama. Ruwan dam na kallo ne. Tun da aka kammala Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako take ciyar da noman rani har Kura da Kadawa, amma ruwan da ke kwance irin wannan yana ɗauke da ƙananan dodon koɗi masu yaɗa tsargiya, ƙwayar cutar kuwa ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Yaran birni da ba su san zurfi ba su ne aka fi jin tsoro. In za a shiga kwalekwale, da rigar ruwa, da rana, ba lodi. Mutanen Kano ba su manta da jirgin da ya kife a Bagwai a 2021 da ɗalibai a ciki ba.

Haske ba ya bukatar janareta, ƙararsa ma ita ce za ta kore abin da kuka je nema. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin na sola, yana ba da kusan wat 600 na awa guda in ba a so a kashe shi, don irin wannan batir ba a zuƙe shi fiye da rabi. Ƙwai 4 masu wat 5 na awa 5 sun ci 100, cajin wayoyi 6 bai kai 100 ba. Ka ga zai kai ku kwana 2 ko babu faifan sola. In kun kawo faifan, a riƙa goge shi, hazo da ƙura suna rage masa ƙarfi. Kada a rataya ƙwai a bakin ƙofa, ƙwari yake tarawa. A sa shi a reshe can gefe. Kowane babba da tocilarsa.

Sai girki, inda magidanta da yawa ke faɗuwa. In ka ɗauke mace daga madafinta mai rufi ka kai ta tana hura wuta a duwatsu uku cikin iska, tana wanke-wanke a tsugune, kai kana kan darduma kana kallon taurari, kai ka yi hutu, ita an ƙara mata aiki. Ka faɗa mata tun yanzu cewa kwana biyun nan ba za ta taɓa tukunya ba. A soya miya a gida har ruwanta ya ƙone, a soya nama, a yi dambun nama, a sayi gurasa da burodi da ƙwai da kayan shayi. Kai da ƙanenka ku dafa taliya ko shinkafa, ku gasa kifin da za ku saya wurin masunta da safe, ku ɗauki saurayi ɗaya da za a biya don ɗiban ruwa da wanke-wanke. A tanadi kular sanyi 2: ɗaya ta abin sha da yara za su yi ta buɗewa, ɗaya ta nama da ba a buɗewa sai da dalili. A daskarar da ruwan leda ya zama ƙanƙara, in ya narke a sha. Ɗanyen nama ya ƙare a ranar farko, dafaffiyar shinkafa kada ta kwana. Maganin tururuwa: abinci a kan tebur, kowace ƙafar tebur a cikin gwangwanin ruwa, sukari a kwalba mai murfi, kuma ba a cin komai a ɗakin kwana, ko biskit.

Da magariba kowa ya sa rufaffen takalmi, da safe a zazzage shi kafin a zura ƙafa, a kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwanta. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a mota. Ka tambaya tun kafin ranar wane asibiti ne mafi kusa yake da allurar dafin maciji, don kububuwa ƙarama ce amma dafinta yana hana jini daskarewa. A jaka a samu farasitamol na manya da na yara, bandeji, aidin, ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, da abin shaƙar mai asma in akwai shi. Jariri ɗan watanni da mai tsohon ciki su wuni su koma gida.

Kada ka shirya wa yara wasanni da yawa. Tatsuniya bayan isha'i, a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta a sama, da safe su bi ka ban ruwa, su ga yadda ake tatsar saniya a ruga. Yaran Abuja wannan ya ishe su labarin shekara.

Ga yadda za ka tunkari maiɗaki. Ka ba ta haƙuri kan na bara ba tare da ka kawo uzuri ba. Ka gama shiri kwana 2 kafin baƙi su iso, kai da babban ɗanka ku kwana a ciki dare ɗaya. Duk igiyar da ta saki da kafar da iska ke shigowa a daren za ku gane. Washegari ka kai ta ta zaga, ta shiga banɗakin, ta zauna a gadon, abin da ta ce a gyara a gyara. Ka ce dare ɗaya kawai kake roƙo, na biyu sai in ita ta nema. In ta ce wuni za ta yi ta koma gida da ƙananan yara, ka amince da fara'a, maza da manyan yara su kwana. Ka sanar da ƙanenka wannan tsari ta waya tun yanzu, don kada ya zo da zaton matarka ce ta hana.

Ranar tashi kada a naɗe tantin auduga sai rana ta busar da raɓar jikinsa, in ba haka ba fumfuna za ta cinye shi kafin baɗi. A cike ramukan banɗaki da ƙasa a danne, a tsince leda kaf don awaki da shanu suna haɗiye ta. A ƙirga turakun rodi kamar yadda aka ƙirga su ranar kafawa. Wanda aka manta a ƙasa, ƙafar saniya ko garmar damina ce za ta gano shi.